Ta yaya yawan A, C, G da T ke nuna inda ƙwayoyin gado suke a jinom ɗin bairos?

Tambaya: Malam, na haɗa jinom ɗin wani bairos mai DNA, wato dukan jerin haruffan gadonsa (A, C, G da T), tsawonsa ya kai haruffa dubu 150. Manhajar neman ORF (filin da ake karantawa babu tsayawa, wanda zai iya zama ƙwayar gado) ta fito mini da ɗaruruwa, wasu a kan wasu, kuma da yawansu BLAST, mai neman masu kama da su a rumbun bayanai, bai samo musu dangi ba. An ce mini daga yadda haruffan suka rarrabu kaɗai ana iya gane na gaske da na bogi. Haka ne? Ta ina zan fara?

Amsa: Haka ne, ɗan'uwa, kuma hanyar ta girmi BLAST ɗin kansa. Sai dai kafin ka buɗe wata manhaja, ka ƙirga kashi nawa ne G da C a jinom ɗin naka. Ba ka faɗa mini ba, alhali kusan duk shawarar da zan ba ka a kan wannan lamba ta rataya.

Ga inda alamar take fitowa. Ribozom, injin ƙera furotin a ƙwayar halitta, yana karanta haruffa uku-uku, kowane uku kodon ɗaya, kowane kodon amino asid ɗaya, wato tubalin furotin. Tunda ana iya fara karatun daga harafi na ɗaya ko na biyu ko na uku, kuma DNA sili biyu gare shi, kowane yanki yana da sahun karatu shida. Dubi wannan ɗan guntun da na tsara: ATGGCTGAAAAAGTTGAT. A sahu na ɗaya zai zama ATG GCT GAA AAA GTT GAT. Ka lura da harafin farko na kowane kodon: A, G, G, A, G, G. Matsa gaba da harafi ɗaya, sai ka sami TGG CTG AAA AAG TTG, haruffan farkon sun zama T, C, A, A, T, tsarin ya watse. Ƙara matsawa da ɗaya, GGC TGA, kodon na biyu ma ya tsayar da karatun. Na zaɓi misalin ne don ya fito ɓaro-ɓaro. A jinom na gaske ba ya fitowa haka sai ka tara kodon masu yawa, amma abin da ake nema ke nan.

Dalili shi ne gurabe ukun nan na kodon ba nauyi ɗaya suke ɗauke da shi ba. Gurbi na biyu shi ya fi ƙayyade irin amino asid ɗin, don haka ba ya sakewa, kuma G ba ta cika yawa a cikinsa ba. Gurbi na ɗaya yana karkata ga G da A, domin amino asid ɗin da furotin ke yawan amfani da su, irin su alanin, gilaisin, balin, asfatet da gulutamet, duk da G kodon ɗinsu ke farawa, laisin da asfarajin kuma da A. Gurbi na uku shi ne ɗan gata. Kodon 61 ne ke rabon amino asid 20, sau da yawa kuma ana canza harafi na uku furotin bai ko sani ba. Shi ya sa duk wani matsin da ke ture jinom zuwa yawan G da C (GC) ko zuwa yawan A da T (AT) a nan yake sauke kayansa. Yankin da ba ya haifar da furotin ba shi da wannan kiɗa na uku-uku. Duk dabarun da za ka ji ana ambata, daga TESTCODE na James Fickett a 1982, da gwajin fifikon kodon na Staden da McLachlan a shekarar, har zuwa masu amfani da lissafin Fourier, wannan kiɗan suke saurare, kowa da irin kunnensa.

Yanzu ga abin da ya sa na tambaye ka GC. Kodon ɗin tsayawa uku ne, TAA, TAG da TGA, kuma dukansu A da T suka fi yawa a cikinsu. Idan haruffa huɗun sun zo daidai wa daida, za ka ci karo da ɗaya a kowane kodon 21, wato 64 a raba da 3. Jinom ɗin HSV-1, bairos ɗin herpes na ɗan Adam, mai haruffa kusan dubu 152, GC ɗinsa kashi 68 ne cikin 100. A irin wannan yanayi sai an yi kodon kusan 46 kafin a gamu da na tsayawa. A vaccinia, ɗan gidansu agana da ƙyandar biri, GC kusan kashi 33 ne, tsayawa kuma tana zuwa a kowane kodon 13. Ɗauki jinom mai tsawon naka, ka yamutsa haruffansa yadda babu ƙwayar gado ko ɗaya a ciki, ka nemi fili mai kodon 100 da babu tsayawa a sahu shidan. Lissafi ya nuna za ka sami kamar guda 10 idan GC kashi 33 ne, kamar 115 idan kashi 50 ne, kusan 700 idan kashi 68 ne. Sharaɗin cewa sai da ATG, kodon ɗin farawa, za a fara yana rage adadin, amma tazarar tana nan. Ma'ana, iyakar nan ta "kodon 100" da manhajoji ke zuwa da ita ba ta da ma'ana ɗaya a ko'ina. A jinom mai yawan AT, dogon ORF kusan shaidar kansa ne. A mai yawan GC kuwa tsawo kaɗai ba ya gaya maka komai. Ni shawarata ka yi wannan yamutsawar da kanka sau ɗari, ka ga tsawon da sa'a kaɗai ke iya bayarwa a jinom ɗinka, ka ɗora iyakarka a kai.

Idan GC ɗinka ya yi sama, ka yi sa'a ta wani ɓangaren, domin a nan alamar ta fi ƙarfi. Ka ɗauki taga mai faɗin haruffa kamar 120, ka riƙa zame ta a kan jinom, kana ƙirga GC na kowane harafi na uku daban: layi ɗaya na gurabe 1, 4, 7, na biyu na 2, 5, 8, na uku na 3, 6, 9. Inda babu ƙwayar gado layukan uku za su cakuɗe. Inda take kuwa za su rabu, ɗaya ya haye sama, ɗaya ya nutse. Wanda ya haye shi ne gurbi na uku, wanda a HSV-1 yakan kai kashi 80 ko fiye, wanda ya nutse kuma gurbi na biyu. Bibb da abokan aikinsa ne suka fito da wannan zane a 1984 don bakteriyar Streptomyces, kuma har yau manhajar Prodigal, wadda ta fito a 2010, da shi take fara lalubo ƙwayoyin gadon da za ta koyi darasi a kansu.

A nan ne kuma gizo ke saƙa. G da C abokan juna ne a sili biyun, don haka yawan GC bai san gaba da baya ba. Zanen zai nuna maka wane harafi ne na uku, amma ba zai ce maka a wane sili ake karatun ba. Ga kuma matsalar inuwa. Idan ka juya TAA, TAG da TGA zuwa ɗaya silin, za su koma TTA, CTA da TCA. Waɗannan kodon ne na lusin da serin masu ƙarewa da A, jinom mai yawan GC kuwa ba ya son kodon mai ƙarewa da A. Sakamakon haka, bayan ƙwayar gado ta gaske, a ɗaya silin, sai ka tarar da dogon ORF a buɗe, kyakkyawa, babu tsayawa ko ɗaya, alhali inuwa ce kawai. Ina kyautata zaton yawancin waɗanda ka ce suna kwance a kan juna irin wannan ne. Ni ma na taɓa faɗawa wannan rami lokacin ina ɗalibi: na shafe makonni ina neman aikin wani "furotin" da babu irinsa a rumbun bayanai, ina ta murna na gano sabon abu, sai wani babba a ɗakin bincikenmu ya juya takardar ya nuna mini cewa bayan enzayim ɗin kwafin DNA nake karantawa.

Abin da ke raba gardamar sili shi ne fiyurin, wato A da G. Ka tuna gurbi na ɗaya yana son G da A. A silin da ke ɗauke da saƙo wannan yana bayyana a matsayin rinjayen fiyurin, a ɗaya silin kuma ya koma rinjayen C da T. Gwajin ba shi da wuya: ka bi jinom harafi-harafi, in ka taka A ko G ka hau mataki ɗaya, in ka taka C ko T ka sauka ɗaya, ka zana tafiyar. Inda layin ke hawa, ƙwayoyin gadon suna kan silin da kake bi. Inda yake gangarowa suna ɗaya silin. Inda ya yi kwana, a nan alƙiblar ta juya. Melissa Da Silva da Chris Upton na Jami'ar Victoria a Kanada sun nuna a 2005 cewa wannan yana aiki a dangin agana masu yawan AT, inda zanen GC ba ya rabuwa sosai. Matsalar waɗannan ba dogayen ORF na bogi ba ce, gajeru ne: masu kodon 50 zuwa 100 da ke maƙale tsakanin manya ko a bayansu, waɗanda ba ka san ko ka ajiye ko ka zubar ba. ORF ɗin da C da T suka rinjaya a cikinsa, yana kuma kwance a bayan wata babbar ƙwayar gado, ni ba na ɓata lokaci a kansa.

Manhajojin zamani sun wuce ƙirga harafi ɗaya-ɗaya. GeneMark, na Mark Borodovsky da James McIninch a 1993, yana tambaya ne: idan haruffa biyar da suka wuce su ne kaza, mene ne yiwuwar na shida ya zama A, ko C, ko G, ko T? Yana kuma riƙe da teburi daban ga kowane gurbi na kodon. Wannan ita ce sarƙar Markov mai daraja ta biyar. Ya ware samfuri bakwai: uku na sahun gaba, uku na inuwa, ɗaya na fili maras saƙo, ya bar su su yi takara a kan kowace taga. Glimmer, na Steven Salzberg da abokansa a 1998, ya sassauta abin, yana amfani da dogon tarihi inda bayanai suka isa, gajere inda ba su isa ba.

To amma yi wannan lissafin. Jerin haruffa shida iri 4,096 ne. Sau gurabe uku, lambobi sama da dubu 12 ke nan da manhaja za ta koya. Bakteriya mai haruffa miliyan huɗu tana da abin koyarwa har da ragi. PhiX174, jinom ɗin DNA na farko da aka karanta gaba ɗaya, a ɗakin binciken Frederick Sanger a 1977, haruffa 5,386 ne kacal, bai ko kai rabin lambobin da ake son koya ba. SARS-CoV-2 bai cika dubu 30 ba. Wannan ita ce babbar matsalar bairos, kuma ita mutane suka fi mantawa: manhaja ba za ta ce maka ba ta ƙoshi ba, amsa kawai za ta ba ka. Naka mai dubu 150 yana tsaka-tsaki. Zai iya koyar da sarƙa mai daraja ta biyu ko ta uku lafiya lau, ta biyar kuwa da kyar.

Mafita ta farko da ke zuwa wa mutum ita ce ya ari teburin mai masauki, tunda ribozom ɗinsa bairos ke amfani da shi. Wani lokaci ana dacewa, wani lokaci a'a. Faj ɗin T4, wato bairos mai kama bakteriya, GC ɗinsa kusan kashi 35 ne, E. coli da yake shiga kuma kusan 51, har T4 yana tafe da tRNA, masu kai wa ribozom amino asid, guda takwas nasa na kansa. HSV-1 da bairos ɗin ƙarambau 'yan gida ɗaya ne, mutum ɗaya suke kamawa, amma ɗaya 68 ɗaya 46. Mafitar da ta fi inganci ita ce ta Besemer da Borodovsky a 1999: sun lura cewa daga yawan haruffan jinom kaɗai ana iya hasashen yadda zai yi amfani da kodon, sai suka gina samfurin da ba ya buƙatar koyarwa, ka ba shi GC ya ba ka teburi. Shi ya dace da ƙananan jinom da guntayen da ake samu a metajinom, wato DNA na halittu iri-iri da aka kwaso a cakuɗe.

Akwai wuraren da hanyar ke makancewa gaba ɗaya, kuma bairos ya fi kowa zama a cikinsu. Na farko shi ne ƙwayoyin gado masu hawa kan juna da gaske. A phiX174, ƙwayar gado E tana cikin D, B tana cikin A. A bairos ɗin ciwon hanta nau'in B, mai haruffa kusan 3,200, S gaba ɗayanta tana kwance a cikin P. A irin wannan wuri gurbi na uku na wannan shi ne na ɗaya ko na biyu na wancan, babu ɗan gata ke nan, kiɗan uku-uku ya dushe. Yawancin manhajoji ma an gina su ne su zaɓi ɗaya su jefar da ɗaya. PB1-F2 na infuluwenza, mai amino asid kusan 90 a wani sahu cikin PB1, sai 2001 aka gano shi, kuma ta hanyar binciken garkuwar jiki aka yi, shekaru kusan ashirin bayan an karanta jerin haruffan.

Abin sha'awa, dushewar kanta alama ce, in kana da jinom na dangi da yawa. Ka jera su, ka duba gurbi na uku. Ya kamata ya riƙa canzawa yadda ya ga dama. Inda ka ga ya ƙame, duk dangin sun riƙe harafi ɗaya ba tare da dalilin furotin ba, to akwai wani abu da ke kwance a wurin: ko wata ƙwayar gado a wani sahu, ko wani naɗin RNA mai aiki. Da irin wannan dubawa Andrew Firth da abokan aikinsa suka tono PIPO a dangin potyvirus na tsirrai a 2008, da PA-X na infuluwenza a 2012. A ganina wannan ta fi duk sauran dabarun ƙarfi a wajen ƙananan bairos, sai dai ba ta yiwuwa da jinom ɗaya tilo.

Sai masu karya doka. A dangin korona, ribozom yana zamewa baya da harafi ɗaya a kan UUUAAAC ya ci gaba da karatu a wani sahu. A Ebola, enzayim ɗin kwafi yana in'ina a kan jerin A guda bakwai ya ƙara na takwas, da haka ake samun cikakken furotin ɗin GP. A zanenka wannan zai fito kamar alamar ta yi tsalle daga layi zuwa layi ba tare da ta yanke ba. Kafin ka yi shelar ka gano zamewa, ka koma ga ɗanyen karatun na'ura, domin kuskuren harafi ɗaya a jerin haruffa masu maimaituwa, wanda na'urorin nanopore suka yi suna a kai, kamanninsa ɗaya ne sak. Wasu faj na hanji kuma, irin su Lak da wasu dangin crAss, sun mayar da TAG gulutamin maimakon tsayawa. Alamarsu ita ce ƙwayoyin gado su fito gutsi-gutsi alhali kiɗan uku-uku yana ci gaba a sahu ɗaya ya ratsa ta kan TAG kamar babu ita. In ka ga haka, canza teburin fassara kodon na manhajarka daga na 11 zuwa na 15 ka sake gwadawa.

Kada kuma ka haɗa wannan da zancen ƙarancin CG. Gaskiya ne bairos masu RNA da yawa da ke kama dabbobi masu ƙashin baya suna guje wa G mai bin C, kuma an nuna a 2017 cewa furotin ɗin garkuwa mai suna ZAP yana kama RNA ta nan. HIV ma A ta yi masa yawa, fiye da kashi ɗaya cikin uku. Amma waɗannan tambari ne na jinom gaba ɗaya. Suna taimakawa wajen hasashen mai masauki, ba sa nuna inda ƙwayar gado ta fara ko ta ƙare. Amfaninsu gare ka shi ne ka san su don ka cire su daga lissafi, kada ka ɗauki halin gidan duka a matsayin alamar ɗaki ɗaya. Haka nan ƙwayar gadon da bairos ya sato daga mai masauki kwanan nan tana zuwa da yanayin haruffan inda ta fito, sai manhajar da ta koyi halin jinom ɗinka ta ba ta maki kaɗan. Ita ce kuwa sau da yawa ta fi ban sha'awa.

Da ni ne da jinom ɗinka, zan fara ware waɗanda BLAST ya tabbatar da dogayen da ba sa hawa kan kowa, in auna A, C, G da T a gurabe ukunsu. Wannan teburi mai lambobi 12 shi ne ma'aunina, kuma ko ƙaramin jinom yana iya cika shi. Kowane ORF da ake shakka sai in gwada shi da wannan teburi, in kuma gwada shi da na sauran sahu biyar, in ga wanda ya fi kama. Sai in saka GeneMarkS da Prodigal, da PHANOTATE in faj ne, in duba inda suka saɓa. Yawanci a kan ƙarshen ƙwayar gado suna haɗuwa, a kan farkonta ne suke rabuwa, domin yanayin haruffa ba shi da kaifin da zai zaɓi ATG ɗaya cikin uku da ke kusa da juna. Nan sai alamomin gefe: jerin Shine-Dalgarno, inda ribozom ke kamawa, a faj, ko TAAATG na ƙwayoyin gadon ƙarshen zango a dangin agana. Manyan bairos masu DNA suna cushe jinom ɗinsu tam, don haka fili mai haruffa ɗari biyar da babu kowa a ciki ya cancanci a sake dubawa, ko da makin ORF ɗin da ke wurin bai kai ba.

Duk ORF da bai kai kodon 60 ba, kada ka yarda da hukuncin haruffa a kansa, ko na karɓa ko na kora, domin kodon ɗin ba su isa a yi ƙididdiga da su ba. ORF10 na SARS-CoV-2, mai kodon 38, an daɗe ana ja-in-ja a kansa duk da tarin jinom ɗin da aka karanta. A 2012 kuma, da Noam Stern-Ginossar da abokan aikinta suka bi sawun ribozom kai tsaye a cytomegalovirus na ɗan Adam, sun ga ana fassara ORF sama da 700, a jinom ɗin da aka saba lissafa masa kusan 170, yawancinsu gajeru, wasu ma ba da ATG suka fara ba. Irin waɗannan ka rubuta su a matsayin "mai yiwuwa", ka ajiye makin kowanne a gefe, har ka sami RNA ko furotin daga ƙwayoyin da bairos ɗin ya kama. Ka turo mini GC ɗin da jerin tsawon ORF ɗin, sai mu ga iyakar da ta dace da naka.